Nawa Muka Ci?

Laraba, bayan isha'i

Bayana kamar zai ɓalle saboda makin takardu, amma raina fes. Bilkisu ta haye gwajina, ita da aka ce in ta sake faɗuwa sai gida.

Da na koma da ajin kan littafin nan na intanet, wanda kowa zai sauke kyauta, Malam Sani na ofishinmu na makarantar koyon aikin jinya dariya ya yi mini, wai ɗalibi ba ya karanta abin da bai saya ba. Ni ma na ji tsoro, don Bilkisu ƙaramar waya gare ta.

Da ta leƙo ofis na tambaye ta yadda ta yi. Ashe ta wayar mijinta aka tura mata littafin. In ya taso daga Babbar Kasuwa, tana tuƙa tuwo, shi yana bakin murhu yana karanto mata babin jini da Turancinsa na 'yan atamfa. Inda ya kakare ta gyara masa, a haka karatun ya zauna.

Sai ta rufe baki da mayafi: "Malama, maigidan yana waje bisa mashin. Ya ce in tambaya, wai nawa muka ci?"

Gobe da Malam Sani zan fara gaisawa.