Inna, Mun Cire Dije Daga Zauren Karatu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga mahaifiya, ina fatan makwancinki da sanyi. Ni ce Hassana, wadda kika bari da baƙin gashi. Yanzu ko ƙwaya ɗaya babu.

Inna, karatu ya koma cikin waya. Mu matan Tudun Wada a Gusau muna da zaurenmu a ciki, har da dokoki. Ta farko, ba a turo murya, sai rubutu.

Makon jiya aka shigo da wata Dije, matar wani makiyayi daga wajen Karakkai, gudun hijira ya kawo ta. Ba ta iya rubutu ba, sai ta turo murya. 'Yan bindiga ne suka ɗauke mijinta tun kafin shuka. Sai yanzu wani da ya kuɓuto ya ce mijin ya rasu a daji, ranar ce bai riƙe ba. Tambayarta ɗaya, daga yaushe za ta ƙirga takaba?

Wata ta tuna mata doka. Wata ta jefo mata littafin Larabci sukutum. Wata ta ce a binciki wadda ta sako ta, wai harshen Dije na daji ne, kada a zo ana leƙen asirinmu. Dije ta sake turo murya tana ba da haƙuri. Wannan ya zama laifi na biyu, aka cire ta.

Na tuna tsakar gidanki a 'Yandoto. In baƙuwa ta yi sallama, allunanmu kike turewa ki zaunar da ita kan tabarmarki. Masu tallar nono kuwa, da guntun Fulatancinki kike amsa musu, suna yi miki dariya, kina ƙarawa. In mun ɓata rai ki ce, "Ku jira, ku kun san hanyar gidan nan. Ita in ta fita da kunya, ta fita ke nan."

Innata, ina cikin zauren ranar. Na san amsar, a bakinki na ji ta, ba ta wuce numfashi biyu ba. Amma na tsaya laluben haruffa da yatsa ɗaya don kada in karya doka, ni da na yi jika da yarinyar da ta kafa dokar. Ban gama rubuta sallama ba aka rufe mata ƙofa.

Na kira lambar. Wani mai shago ne ya ɗauka, ashe aron wayar ta yi. Ya ce sun tashi, wai wajen Tsafe. Ko ta shiga takabar, ko tana can tana jira a gaya mata, ban sani ba.

Allah Ya haskaka kabarinki. Allah Ya jiƙan mijin Dije, Ya haɗa ta da mai amsa mata da baki. Ni kuma Ya yafe mini shirun nan.

Ɗiyarki mai jin kunyarki,
Hassana