Wushiryar Inna

Magariya, daren Talata, 9 ga Yuli

Na dawo daga Damagaram da sababbin haƙora, amma raina a ɓace yake. Tun da kabu-kabu ya kayar da ni a hanyar Dungas na rasa haƙoran gaba biyu, ba na dariya sai da mayafi a baki. Likita ya ce gada zai yi mini: ya goge lafiyayyun haƙoran gefe, ya ɗora sababbin a kansu. Na yarda, na sha azaba.

Sai da ya miƙo madubi na ga ya jera su a matse, babu wushiryata. Na yi magana, ya ce, "Hajiya, ai gyara na yi miki. Kuma an riga an liƙa."

Gyara wai. Wa ya ce masa lalacewa ce?

Maigida ya ce sun yi kyau, ko kallon kirki bai yi ba. Goggo ce ta riƙe haɓata, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Hadiza, ina wushiryar? A nan nake ganin marigayiya uwarki."

Yanzu zan iya cin nama. Amma na sake ɗaukar madubi, na yi murmushi, Inna ba ta nan.