Trinidad Ɗin Da Muke Nema

Zuwa ga Yayana Eusebio,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Leonor da yara. Allah ya sa sanyin Chicago bai matsa wa gwiwarka ba. Mu nan Jerez lafiya lau, an yi ruwa sosai, wake ya yi kyau, Mama ma ta ji sauƙin tarin nan.

Yaya, zauna kafin ka ci gaba da karatu. Ka san tun da matar da ta riƙe Mama ta gaya mata cewa ita 'yan biyu ce, an raba su suna jarirai, abin da muke da shi kawai sunan ɗayan, wato Trinidad, da sunan ƙauyen da aka haife su. Mama kullum 'yar'uwata take cewa, mu ma muka bi ta a haka. Shekara uku ina bin tsofaffin mata masu wannan suna, har wata ta kore ni da tsintsiya. Yanzu Mama ta cika saba'in da takwas, ni kuwa tsoro nake kada lokaci ya ƙure mana.

Watan jiya na koma cocin ƙauyen, na tarar da Casilda, tsohuwar da ke kula da littattafan baftisma. Da na ce mace nake nema, sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wa ya gaya mini mace ce, ai rabin masu suna Trinidad a yankinsu gashin baki gare su, mijinta ma ɗaya ne daga ciki. Wai wannan suna ba ya nuna namiji ko mace, sai an duba na gabansa, María na mace, José na namiji. Ta jawo littafin shekarar, ta ɗora yatsa. José Trinidad, ƙasa da sunan Mama, rana ɗaya, uwa ɗaya. Daga nan na shiga cigiyarsa har na same shi.

Yana raye, Yaya. Kiwon zuma yake a Valparaíso, 'ya'yansa biyar. Ranar Lahadi ya zo, hula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ita ƙanwa ta yi tsammani, sai ga wani tsoho mai sanƙo. Shi kuma ya ce ta yi haƙuri, abin da ya rage ke nan, kuma shi ne babba, ta riƙa ladabi. Suka yi dariya, suka yi kuka. Har yamma ba ta saki hannunsa ba.

Ya ce zai kawo iyalinsa duka ranar Kirsimeti. Don Allah ka nemi hutu ka zo. Kana da kawu yanzu, kuma ya riga ya tambaye ka.

Ka gaishe da Leonor da Jacinto da auta Maribel. Mama da maigidana Fermín suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Amparo