Na'urar da na ɓoye a gwangwanin madara

Assalamu alaikum Malama Talatu. Ki taimaka wa tsoho da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ne ke rawa.

Shekarata saba'in da takwas. Na yi makarantar koyon sana'a tun ana rubutu da tawada, na kuma yi shekara talatin da ɗaya a sashen lantarki na wata masaƙa a Bompai har aka rufe ta. Yanzu ina zaune ni kaɗai a Sharada, bayan kamfanonin roba. Matata Aina'u ta rasu shekara huɗu ke nan. Ina da ciwon suga, kuma allurar da nake yi sai an ajiye ta a sanyi. Don haka 'yata Halimatu Sa'adiya, da ke aure a Abuja, ta sayo mini ƙaramin firij mai cin bolt goma sha biyu, da faifan sola, da batir.

To firij ɗin nan hanya uku yake samun wuta: ta gari ta cikin caja, ta rana, da ta batir. Wanda ya haɗa aikin ya sa makunni mai hannu, irin wanda ake ja sama ko ƙasa a zaɓi hanya ɗaya. Ya kafa shi can sama kusa da silin, kamar raƙumi ne zai riƙa ja. Ni da na hau turakun wuta ba adadi, yau ko benci ba na iya hawa. Saboda haka duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka kawo, maƙwabcina Malam Kamilu, wanda ke aikin shifta a kamfanin roba, shi yake shigowa ya ja mini. In ya ja sai ya zauna. Mu sha shayi, ya ba ni labarin injinansu, in gaya masa inda suke kuskure. Wani lokaci mukan kai awa guda.

Tun bara na ce zan haɗa na'urar da za ta riƙa sauya hanyar da kanta. Wutar rana ce ta farko, in ta yi rauni a koma wutar gari, in babu ita sai batir. Na sa diyod a kowace hanya, wato ƙofar da wuta ke wucewa gaba amma ba ta dawowa, don kada sola ta tura wuta cikin caja ta ƙona ta. Na sa rile, wato makunni mai jan kansa, mai yin zaɓin, da kafasita babba da za ta riƙe firij ɗin a ɗan tsakanin nan na ƙiftawar ido. Tambayata ita ce, diyod ɗin suna ɗumi kuma suna cinye kusan rabin bolt. Shin in bar su, ko in nemi irin na zamani da ake cewa ba sa ci?

Tun da ba ki san ni ba, bari in faɗi sauran. Na'urar nan ta kammalu tun wata biyar da suka wuce. Na gwada ta, tana aiki ƙwarai. Ranar da na ji rile ɗin ya yi ƙas shi kaɗai, maimakon murna sai na cire ta. Na naɗe ta a tsumma, na sa a gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa Kamilu rile ne bai dace ba. Bawan Allah sau uku yana zuwa Sabon Gari yana sayo wani, ina juya shi a hannu ina cewa ba shi ba ne.

Watan jiya cikin tsananin zafi ya tafi ta'aziyya Gumel, kwana uku. Aka ɗauke wuta, caja ta tsaya, firij ya mutu, na hau benci zan ja makunnin na zame na gurje gwiwa. Likita ya ce in zubar da allurar duka. Yanzu Halimatu ta ce in ba a gyara maganar wutar nan ba kafin ƙarshen wata, za ta zo ta kwashe ni zuwa Abuja. Ba na so in bar ɗakin da Aina'u ta cika a ciki. Amma in na kafa na'urar, me zai kawo Kamilu? Ni ban saba roƙon mutum ya zo ya gan ni ba.

Naki, Tsohon Injiniya, Sharada.

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Hajiya Aina'u.

Na kai tambayarku ta diyod wa wani mai gyaran inbata a Dakata. Ya karanta, ya ce tsarinku ya fi nasa tsabta. Shawararsa: ku ɗaura su a kan ɗan farantin alminiyom ya kwashe zafin, ku sa fis a wayar batir, rabin bolt kuwa ba zai hana firij sanyi ba. Ina zargin kun san wannan tun kafin a haife shi. Kun dai sa tambayar ce a gaba don ta yi muku sallama.

Ban ga laifinku ba da kuke tsoron shirun gida. Wanda ya yi shekara talatin cikin ƙarar injin, ya dawo ba mai ce masa ina kwana, ya san abin da yake gudu. Amma Halimatu ma tana da gaskiya, gwiwarku shaida ce. Kamilu kuma yana da haƙƙi: sau uku kuna aika mutum cikin cunkoson Sabon Gari neman abin da ke ƙarƙashin gadonku!

Yanzu ku yi lissafi irin na injiniya. Jan makunni daƙiƙa biyu ne. Sauran awar fa, me yake ja? Mai zuwa don makunni a tsaye yake juyawa, ba ya jiran ruwa ya tafasa. Kuma mutumin da ke wuni cikin injina, ya kawo rile mai kyau har uku a ce masa bai dace ba, anya bai gane ba? Ina jin ya gane, kara yake yi muku.

Ku ciro gwangwanin gobe. Ku kira shi ya riƙe muku waya, tun da hannu na rawa, ku kafa ta tare, a ƙasa inda za ku iya kaiwa. Kuna cikin aikin ku faɗa masa gaskiya, ku nemi afuwa. Ku buga wa Halimatu ta ji ƙas ɗin da kunnenta. Sannan ku yi wa kanku abin da kuka yi wa firij: kada ku dogara da hanya ɗaya. Akwai masallacin unguwa, akwai tsofaffin abokan masaƙa, kuma gidan Kamilu ma yana da ƙofa, sanda za ta kai ku.

Bayan an kafa, ranar da aka fara ɗauke wuta, ku ɗora ruwan shayi, kofi biyu. Allah ya ba ku lafiya da yawan baƙi, Baba.

Malama Talatu