Na Cire Bashiru Daga Ƙungiya

Laraba, bayan isha'i.

Mutane sun ɗauka duk gwanin tseren keke a kan keke ya girma. Ni ma haka na zata, sai da na bincika. Cikin manyan 'yan tseren Turai, wani da ƙwallon ƙafa ya fara, wani kuma tsalle yake yi a kan ƙanƙara. Mai ƙwallon ya fi zafin nama, mai tsallen ya iya hawan tudu.

Yau na cire Bashiru daga ƙungiyar ƙwallon makaranta. Yana da numfashi, ba ya haki, amma ƙafarsa ba ta san raga ba. Ya ce ya bar wasa ke nan. Na ba shi labarin mutanen nan, sai ya yi dariya.

"Malam, ƙanƙara a Sakkwato? Ta cikin zoɓo kaɗai munka sani."

Na kasa zama. In ya bari, ni na kashe masa gwiwa. Na tashi na ba tsohon kekena iska, na tura masa saƙo: "Gobe bayan asuba, titin Sama. Zo ka hau, ka gwada da kanka."

Yanzun nan ya amsa: "Birki dai na aiki ko, Malam?"