An Ce Digirina na Uku Ba na Bincike Ba Ne

Anti Sabuwa, don Allah ki taimake ni da shawara kafin fushi ya kai ni ga da-na-sani.

Ni ɗan Nasarawan Doya ne, ma'aikacin laburare a wata jami'a. Na je ƙasar waje na yi digiri na uku a fannin laburare da sarrafa bayanai. Nawa na ƙwarewar aiki ne: na tsara yadda malaman gona za su riƙa samun bayanan iri da taki a kan kari. Da na dawo, mahaifina Baba Ilisha ya yanka rago, aka yi godiya a coci, har daga Hunkuyi aka zo ganin Dakta.

Yanzu kwamitin ƙarin girma ya ce wai nawa ba na bincike ba ne, ba zan duba aikin manyan ɗalibai ba. Dalhatu, wanda ni na koya masa jera littattafai, an ɗaga shi sama da ni don nasa na bincike ne. Ko gaisawa mun daina. Ga tsuke bakin aljihu, gwamnatin soja ta hana ɗaukar ma'aikata, ina zan nufa? Baba ya tsufa, na kasa gaya masa. Ji nake kamar in ajiye aikin in koma noman masara. Wannan ba zalunci ba ne?

Mai Takaici, Makarfi

Ɗan'uwa Mai Takaici, fushinka yana da dalili, domin ya kamata a fayyace maka wannan tun kafin ka tafi. Amma kwamitin bai yi ƙarya ba. Digirin bincike yana horar da mutum ya haƙo sabon ilimi, ya koya wa wasu haƙowa. Naka yana horar da mutum ya ɗauki ilimin ya warware matsalar aiki. Kowanne da inda yake da nauyi, jami'a kuwa bincike take aunawa.

Kada ka ajiye aiki a wannan marra. In jami'ar kake so, ka rubuta abin da ka gano kan malaman gona, a buga a mujallun ilimi, ka sake nema. In kuwa warware matsalar aiki ne a ranka, ka sa ido kan shugabancin laburare ko hukumomin gona, can naka ne a gaba.

Dalhatu bai ƙwace maka komai ba, ka gaishe shi gobe. Ka je gida ka gaya wa Baba da bakinka, kafin ya ji a bakin wani. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya buɗa hanya.

Anti Sabuwa