Muryar Mama ta fito daga tsohuwar kwamfuta

Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fatan Anti Saratu da yara suna lafiya. Mu nan Unguwar Boro sai godiya.

Ka tuna ƙaramar kwamfutar nan da ka ce in sayar wa 'yan gwangwan? To, ta ba ka kunya. Lasifikarta ta mutu, ramin filas ɗinta ɗaya tilo ya karye, ga waƙoƙin marigayiya Mama na zumuntar mata a kulle a ciki. Ranar Asabar na zauna a shagona na gyaran waya, na ciro ramin USB daga wata matacciyar rediyo, na huda gefen kwamfutar da ƙusa mai zafi, na liƙa wayoyi huɗu da dalma. Har yatsa na ƙona, amma ina soka filas sai ya kawo wuta.

Na sa wa Baba a rediyonsa. Da ya ji muryar Mama, sai ya ce, "Rifkatu, ƙaro murya. Uwarki ba ta waƙa ƙasa-ƙasa."

Ka gaishe da kowa, a riƙa sa Baba a addu'a. Naka filas ɗin yana hanya. Ka tanadi hankici.

Ƙanwarka,
Rifkatu